Wata takwas da sandar baya mai roba a keken lema

Ranar da na yanke shawarar sayen wannan sanda, sunkuyawa in kwance igiyar takalmi ma ta gagare ni. Awa uku na yi ina kai da komo a bakin teku bayan ruwa ya janye, kuma janyewar ranar ba ta bar yashin sumul ba, ta bar shi kunya-kunya kamar an bi shi da 'yar ƙaramar garma. Duk kunyar da tayar baya ta taka sai ta aiko min da saƙo ta ƙashin gindi har ƙeya. Da na shigo gida a karkace, uwargida ta ƙare min kallo ta ce, "Maigida, wai wannan abin naku wasa ne ko horo?" Shiru na yi, don a lokacin ni ma ban san amsar ba.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba: keken lema, wanda masu hawa ke ce wa bagi, ɗan keke ne mai taya uku, ɗaya gaba biyu baya. Ba inji, ba feda, ba birki. Kana zaune ƙasa-ƙasa cikin kujerar yadi da aka rataya tsakanin bututun ƙarfe biyu, ƙafafunka a kan matakai biyu da ke jikin fok ɗin gaba, da su kake juya kan keken. Hannuwanka kuma na riƙe da igiyoyin wata lema mai kama da ta masu dirowa daga jirgin sama, ita ce dokin da ke jan ka. Peter Lynn, mutumin Niyu Zilan, shi ya fito da wannan siffa a 1990, kuma har yau yawancin kekunan da ake sayarwa ba su kauce mata ba. Sandar baya ƙarfe ce miƙaƙƙiya, taya a kowane baki, ba sifirin ba shokazoba. Tsakanin ƙashinka da ƙasa babu komai sai iskar taya da yadin kujera.

Ina da shekara 47, nauyina kilo 88, kuma tayoyin kekena matsakaita ne, masu lamba 16x6.50-8. Na faɗi wannan ne da gangan, don duk abin da zan ce game da sandar ya rataya ne a kan waɗannan lambobi. Saurayi mai kilo 60 da ke hawa kan yashi mai laushin katifa zai iya ba ku wani labarin daban.

Sandar daga wani ƙaramin gareji mai ƙera kayan bagi na yi odarta. Ba zan kama suna ba, tunda akwai ƙorafi a gaba, kuma ta yiwu tawa ce kaɗai ta zo da wasu aibobin. Cikin kwalin akwai bututu mai kusurwa huɗu, faɗin mita 1.4 daga taya zuwa taya, da hannuwa biyu gajeru masu tsawon kusan santimita 12 da ke fitowa daga bakunansa suna kallon baya, kowanne da ramin da kusar taya mai kaurin milimita 20 ke shiga. Sai farantan ƙarfe biyu na ɗaurawa a jikin firam, da ledar notuna, da takarda guda ɗaya tal mai zane. Na ɗora ta a sikeli kafin in taɓa komai: kilo 8 saura kaɗan. Tsohuwar sandata kilo 4 ce. Ke nan tun ban fita ba na ƙara wa kaina kaya.

Yadda take aiki ya burge ni, kuma har yanzu yana burge ni, duk da abin da ya biyo baya. Cikin babban bututun akwai ƙaramin ƙarfe shi ma mai kusurwa huɗu, amma an juya shi yadda kusurwoyinsa ke kallon bangon babban. Wannan juyin ya bar gurabe huɗu, an cusa wa kowanne doguwar roba mai kauri kamar babban yatsa. Hannun da ke riƙe da taya yana manne da ƙarfen ciki. Taya ta ci karo da tudu, hannun ya ɗaga sama, ƙarfen ciki ya murɗa, robobin nan huɗu su matse su mirgina, sannan su mayar da shi inda yake. Babu fistin, babu mai, babu wurin da ƙarfe ke gogar ƙarfe. Ana ganin irin wannan sanda ƙarƙashin wasu ƙananan tirelolin da mota ke ja. Dabarar ta wani injiniya ce ɗan Suwizalan mai suna Neidhart, kuma kamfanin ROSTA na can yana ƙera irin waɗannan gaɓoɓi don injinan masana'antu, masu murɗawa har digiri 30 kowane gefe.

Roba tana da hali biyu da suka dace da wannan aiki. Na farko, tana ƙara tauri gwargwadon matsar da aka yi mata: farkon motsi da laushi, ƙarshensa da ƙarfi, don haka ƙananan kunyoyi na wucewa salin-alin, babban rami kuma ba ya kai ta maƙura nan take. Na biyu, ba ta mayar da duk ƙarfin da aka ba ta, tana cinye wani ta mai da shi zafi. Sifirin ƙarfe in ba a haɗa shi da shokazoba ba, ka danna shi ka saki sai ya yi ta rawa. Ita roba ta lanƙwasa ta dawo, sau ɗaya da ɗan rabi, ta nutsu. Ga abin da zai yi rayuwarsa cikin yashi da ruwan gishiri, rashin gaɓar da yashi zai shiga ya ci ba ƙaramar falala ba ce.

Ɗaurawar ta ci min yini guda, alhali bai kamata ta wuce awa ɗaya ba. Ramukan farantin dama sun kauce wa na firam ɗina da kamar milimita 3, sai da na zauna da fayil ina goga. Wannan ban ɗora wa kowa laifi ba, firam sun bambanta. Abin da ya ɓata min rai takardar ce. Farantan suna da jerin ramuka biyu, wato hannuwan na iya zama a tsaye sosai ko a ɗan kwance, amma ko kalma ɗaya ba a rubuta kan wanne ya dace ba. Na fara da na tsaye. Da na zauna sai na ji ni a sama kamar an ɗora ni kan turmi, kujera ta tashi da yatsu huɗu. A keken lema kuwa kowane yatsa na tsayi bashi ne da iska za ta zo karɓa. Na kwance na koma ramukan ƙasa, na zauna, hannuwan suka sauka da kamar santimita 2 ƙarƙashin nauyina, kujera ta dawo kusa da inda take a da. Haka na bar ta.

Fitar farko, gani ya kori ji.

Iska matsakaiciya ce, wajen kilomita 20 a awa, na tayar da lema mai murabba'in mita 5, na nufi daidai wurin kunyoyin nan da suka karya ni. Abin da na fara lura da shi sauti ne. Da can firam ɗin kan yi ta kwaram-kwaram kamar an ɗaura wa jaki gwangwanaye, yanzu sai wani gurnani mai taushi daga baya. Na biyu idona. Ban san cewa girgiza na hana ni gani sosai ba sai da ta tafi: na iya kallon lema da hanya tare, ba tare da komai na rawa a gabana ba. Na uku, wanda ban yi tsammani ba, hannuna. In keke yana tsalle-tsalle, hannuwanka na fizgar igiyoyi ba da saninka ba, lema ta yi ta ƙifta baki tana zubar da iska. Da girgizar ta ragu sai lemar ta zauna daram a gefen iska, jan nata ya zama ɗaya. Inda a da nakan sassauta in sauko kilomita 30 a awa don tausayin bayana, ranar agogon hannuna ya nuna ina wucewa da 40 ban ko cije haƙori ba. Na yi awa huɗu. Na dawo gida na kwance takalmina da kaina, uwargida na kallo ba ta ce komai ba, wanda a wurinta yabo ne.

A filin ciyawa bambancin ya ma fi haka. Ciyawa tana ɓoye ramuka da 'yan tuddan da ƙananan dabbobi ke turowa, ba ka ganinsu sai ka taka. Da miƙaƙƙiyar sanda, taya ɗaya ta hau tudu, duk bayan keken ne ke karkacewa ya dire. Da wannan kuwa, hannun gefen ne kaɗai ke ɗagawa, ɗayan bai ma san an yi ba. Kuma tayar da ke manne da ƙasa ita ke riƙe hanya, wadda ke sama ba ta riƙe komai, shi ya sa a gargada keken ya rage zamewa gefe. Da a nan labarin ya tsaya, da na ce kowa ya je ya saya.

Sati na biyar aka yi iska ta gaske, tana kaɗawa tsakanin kilomita 35 da 45, mai zuwa da fushi ta lafa ta sake dawowa. Na sa ƙaramar lema mai murabba'in mita 3. Tun a tafiyar farko na ji wani abu da ban saba ji ba: keken yana kwantawa wajen lema. Kaɗan ne, amma ƙuguna ya ji. Duk sanda iska ta ƙaru, gefen da lema take sai ya nutse, ɗaya gefen ya yi sakayau, ni kuma in sami kaina ina zamewa zuwa bututun gefe ina dogara da haƙarƙari. Na juya kan keken ina son hawa sama cikin iska, wanda shi ne lokacin da jan ya fi tsanani, sai wata guguwar ta faɗo. Hannun gefen lema ya murɗe har maƙura, na ji gindin kujera ya kartsi yashi, tayar ɗaya gefen ta tashi, kafin in ce me ke nan ina waje. Lema ta ja ni da ciki 'yan taku kafin in saki sandunan riƙon lemar, igiyar tsira da ke wuyan hannuna ta ja layin birkin lemar, wato igiyoyin bayanta masu kashe mata ƙarfi, ta faɗi tana fuffuka. Keken kuwa ya ci gaba da tafiyarsa shi kaɗai, cikin natsuwa da laushi irin na mai shokazoba, har ya shiga wani kududdufi ya tsaya.

Akwai wani dattijo da muke hawa tare, tsohon mai walda ne, shi ya ƙera kekensa da hannunsa. Ya ajiye lemarsa ya tako yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Lafiya dai, ɗana?"

"Lafiya lau, Baba. Yashi ne kawai ya cika min hular kwano."

Ya je ya jawo keken daga ruwa, ya sa ƙafa ɗaya kan bututun gefe ya danna. Gefen ya nutse. Ya saki, ya sake dannawa. "Ka gani? Mota daga sama nauyi ke zuwa mata. Wannan kuwa daga gefe ake jan ta. Je ka danna nawa ka gani." Na je na danna nasa, ko gezau.

Na kwana ina juya maganar, kuma ga yadda na fahimce ta. Lema ba ta jan ka gaba kai tsaye. Yawancin tafiya kana ratsa iska ne, lema na gefenka, kuma kaso mafi girma na ƙarfinta gefe yake ja, ɗan abin da ya karkata gaba shi ke tafiyar da kai. Wannan ja yana shiga ta ɗamarar da ke ƙugunka, daga nan ya shiga kujera da firam, wato a wani tsayi sama da ƙasa, alhali tayoyi na turjewa a ƙasa. Ja a sama, turjiya a ƙasa, dole abu ya nemi kifewa. Duk abin hawa mai ƙafa uku irin wannan kuma, tayarsa ta gaba ba ta da abin da za ta iya yi kan kifewa, tunda a tsakiya take. Aikin gaba ɗaya yana wuyan sandar baya, shi ya sa ake yin ta da faɗi. Miƙaƙƙiyar sanda tana karɓar wannan nauyi ba ta motsa ba. Mai roba kuwa ba ta san bambancin tudun da ya turo taya sama da lemar da ta danno firam ƙasa ba, duka biyun matsa ce a wurinta, sai ta ba da kai. Da zarar ta ba da kai keken ya karkata, jikinka ya zame wajen lema, nauyin da ya kamata ya danne ɗaya tayar ya bar ta, kifewar ta ƙara sauƙi. Ga kuma asara ta biyu: robar da jan lema ya riga ya matse rabi ba ta da sauran wurin motsi in tudu ya zo. Wato a daidai lokacin da kake gudu mafi tsanani, tayar da ke ɗauke da kai ta koma kusan marar shokazoba, ɗayar da ke da sauran laushi kuma ba ta ɗauke da komai.

Akwai wani abin kuma da ban ji masu sayarwa na ambata ba. Lema tana ja sama ma. In tana can tsakiyar sama, tana rage maka nauyi sosai, hannuwan sandar su miƙe, bayan keke ya tashi. Ka sauko da ita kusa da ƙasa ko iska ta yanke, nauyinka ya dawo, baya ya zauna. Mai mota yana saita sifirinsa kan nauyin da ya sani. Kai nauyinka yana canzawa sau goma cikin minti ɗaya, don haka babu saitin da zai dace da kai a kowane lokaci. A iska mai sanyin hali ba ka ko lura. A mai fushi sai ka ji bayan keken yana numfashi ƙarƙashinka.

Matsala ta uku ta fi sauƙin gyara. Tunda hannuwan baya suke kallo, tayoyin sun matsa baya da kusan tsawon tafin hannu. Wannan ya sa wurin da lema ke ja ya koma kusa da tayar gaba in an kwatanta da da, sai gaban keken ya fara zamewa wajen lema kafin baya. Kana murɗa ƙafa, keke na tafiya inda ya ga dama. Na sassauta igiyoyin kujera na gaba, na ɗaure na baya, na matsar da zamana baya da yatsu uku, na ƙara wa bututun gaba tsayi da rami ɗaya. Ya daidaita. Amma wannan ma da an rubuta layi biyu a takardar nan, da ban ɓata fita biyu ina zargin tayata ta gaba ba.

Don kada a ce ban duba wasu hanyoyin ba: na hau keken wani abokin hawa da ya ɗaura shokazoba biyu na keken hawan dutse, masu sifirin a jiki, kan hannuwa masu lilo. Laushi kam ba a magana, ya ninka nawa, kamar kana kan gajimare. Kwanciyar gefe ma ta ninka tawa. Sai da ya ƙara wani ƙarfe da ya haɗa hannuwan biyu, irin wanda ke hana mota kwanciya a kwana, kafin abin ya hawu a iska mai ƙarfi, kuma zuwa lokacin keken ya yi nauyin da sai mutum biyu ke ɗora shi kan mota. Kowace gaɓa tana da bushin, kowane bushin yashi na cin sa, sandar shokazobar kuma gishiri ya fara yi mata ƙuraje. Yana wanke ta fiye da yadda yake hawa. Wani kuma ya kwaikwayi masu kwalekwalen tudu, wato kekunan da iska ke turawa ta yadin da aka kafa musu a tsaye irin na jirgin ruwa, waɗanda sandarsu ta baya faffaɗan katako ne ko faiba mai lanƙwasawa. Tasa ba ta da nauyi, ba ta da gaɓa ko ɗaya, sai dai in ta lanƙwasa tayoyin na buɗe ƙafa, kuma ba abin da ke kashe mata rawa, a wani gudun sai ta kama tsalle kamar ɗan akuya.

Gwajin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda ya kamata in fara yi tun kafin in yi oda. Baba ya ara min manyan tayoyinsa biyu, masu lamba 21x12.00-8, waɗanda ake wa laƙabi da Bigfoot. Na mayar da tsohuwar miƙaƙƙiyar sandata, na sa su, na rage iskarsu zuwa wajen 0.4 a geji, a ma'aunin iska da ake ce wa bar, yadda in ka danna da gwiwa za su lotsa. Kan kunyoyin yashin nan, wallahi sun kwashe mafi yawan azabar. Ba su kai robar iya kashe girgiza ba, don taya iska ce zalla, tana da nata ɗan tsallen in gudu ya kai wani wuri. Amma keken bai kwanta ba, kuma a yashi mai taushi, inda matsakaitan tayoyina ke nutsewa ko da roba ko babu, su sai su bi ta sama su wuce. A nan na gane dalilin da ya sa in ka kalli hotunan tsere a manyan gaɓoɓin teku irin St. Peter-Ording a Jamus ko tsibirin Fanø a Denmak, galibin kekunan da za ka gani dogaye ne, masu faɗi, masu nauyi, sanda miƙaƙƙiya da manyan tayoyi. Mutanen nan ba rashin sanin sifirin ke damunsu ba. Masu neman gudu zalla kuma busasshen tafki suke nema mai santsin daɓe, kamar Ivanpah a Amurka, inda Brian Holgate ya haura kilomita 135 a awa a 2012. A irin wannan fili babu tudun da za a kashe, abin da ake so kawai kada keke ya motsa ta inda ba a ce masa ba.

Ko ba ka da manyan tayoyi, ka fara da rage iskar waɗanda kake da su, ka kuma duba kujerarka. Na daɗe ina cika tayoyina tam kamar na keken titi, kuma igiyoyin kujerata sun saki har ƙashin gindina na kusan zama kan sandar baya. Rabin ciwona daga nan yake, kuma gyaransa bai buƙaci odar komai ba.

Yanzu ga yadda sandar take bayan wata takwas. Robobin ba su tsage ba, ba su yi ƙara ba, yashi bai yi musu komai ba, a wannan fannin ta cika alkawari. Sun dai ɗan zauna: kujera ta sauka da kamar santimita 1 daga inda take a farko, shi ya sa yanzu in zan ajiye keken nakan sa katako ƙarƙashin firam, tayoyin baya su rataya. Da sanyin safiya robar takan yi tauri, sai an yi 'yan mintuna ana tafiya take sakin jiki. Ba na bari mai ko giris ya taɓa ta, don mai yana cin roba, ruwan daɗi kawai nake watsa mata bayan kowace fita. Boris ɗin tayoyin baya, masu lamba 6204, har yau ban canza su ba, alhali a da nakan canza kafin wannan lokaci. Ina jin raguwar duka ce ta taimake su.

Inda aka yi ha'inci shi ne ƙarfen. Babban bututun marar tsatsa ne, amma hannuwan baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufin tutiya, kuma tun wata na uku tsatsa ta fara fitowa a bakin walda. Murafen roba da ke toshe bakunan bututun sun faɗi a fita ta biyu, ruwan gishiri ya riƙa kwana a ciki. Da na ga tayar hagu tana cinyewa ta gefe ɗaya, na ja zare daga gaba zuwa baya na auna, na tarar hannun hagu ya ɗan buɗe waje da 'yan milimitoci, kuma babu wurin saita shi, haka aka walda shi. Na rubuta wa masu garejin. Gaskiya sun amsa washegari, da ladabi, sun aiko da sabbin murafe har da na ajiya. Kan karkatar hannun sun ce in sa siririn washa a gefe ɗaya na farantin, na sa, ya rage. Da na tambaye su roba mai tauri fiye da wannan, sai suka ce iri ɗaya suke da shi. Wannan ne babban ƙorafina, ya fi tsatsar ci min rai. Roba ɗaya ga mai kilo 60 da mai kilo 100, ga mai yawo a ciyawa da mai faɗa da guguwa, ba zai yiwu ta dace da kowa ba. Da akwai mai tauri, ina kyautata zaton da rabin kwanciyar nan ta tafi, ko da zan rasa wani abu na laushi.

To wa zan ce ya saya? Wanda filinsa ciyawa ce ko tsandauri mai gargada, tayoyinsa ƙanana ko matsakaita, yawonsa na nishaɗi a iska mai hankali, bayansa kuma ya fara yi masa magana. Wannan mutum zai gode mata kamar yadda na gode, don ta mayar min da awa huɗu inda a da awa biyu ke gama da ni. Wanda ke son tsere, ko yake riƙe lema babba fiye da ƙarfin iskar ranar, ko mai tsalle da keke, ya bar ta inda ya gan ta. Sabon shiga ma ban ba shi shawara ba, gara ya fara koyon jin lokacin da taya ke shirin tashi a kan sandar da ba ta ɓoye masa komai. Wanda kuma yashin teku ne filinsa kuma fok ɗinsa da firam za su ɗauki manyan tayoyi, can ya kamata ya fara dubawa.

Ni dai yanzu sanduna biyu nake ɗauka a bayan mota. Notuna takwas ne, sifana mai lamba 17 guda biyu, kwata ɗin awa in hannu bai yi sanyi ba. Da dare nakan duba hasashen iska in ɗaura wadda ta dace. Asabar ɗin da ta wuce hasashen ya ce lallausar iska har yamma, na ɗaura mai robar. Kafin azahar ta tashi da ƙarfinta, na kwanta rigingine a yashi ina kwance notuna, Baba na tsaye a kaina yana riƙe min sandar yana ba ni labarin da ban tambaye shi ba. Biyu daga cikin notunan suna can cikin yashin har yanzu.